Ia Padana, Wadda Ta Yanke Mini Hannu Na Rayu

Ranar Talata, 14 ga watan Maris na 1989, da hantsi, aka buga gangar itace a ƙauyenmu Vunalama, irin bugun da ba a yi sai an yi rashi. Ina bakin teku ina kallon samari suna gyaran tarkon kifi, sai ga 'yar yayata, Ia Lote, tafe. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, Inna ta tafi." Yayata Ia Padana, matar marigayi To Varpiam, ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta haura shekara saba'in.

Wajen jana'iza fasto ya ce ke mace ce mai sanyin hali. Yaya, da kina ji da kin tofar da buai, goron nan namu, da ke bakinki kin yi dariya. Yaro ne, bai san ki lokacin yaƙi ba. Ni To Kele, ƙanenki, na san ki, shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta abin da idona ya gani.

A watan Janairu na 1942 jiragen ruwan Japan suka cika mashigin ruwan Rabaul, babban garin da ke kusa da mu. Sojojin Ostareliya masu tsaron garin kaɗan ne, kafin rana ta yi tsaka sun watse cikin daji. Lokacin kina taimakon mata masu haihuwa a asibitin mishan, kina da 'ya ɗaya, Ia Titila, da ƙaramin ciki. Japanawa suka kwashe aladunmu da kajinmu, suka sare itatuwan kwakwa, suka mai da gonakinmu nasu. Mu samari aka kora mu haƙa musu ramuka cikin duwatsu. Wanda ya miƙe don ya huta, gindin bindiga. Wanda bai rusuna wa soja ba, mari har jini. Da farko suna fahariya cewa nan ba da daɗewa ba za su ci abinci a Ostareliya. Muna ganin jiragensu suna fita zuwa Guadalcanal da Papua cike da mutane, suna dawowa a ƙone, wasu ma ba su dawowa.

A ƙarshen 1943 jiragen saman Amurka suka fara zuwa, kusan kullum. Bam bai san Bajapane ba, bai san mu ba. Na ga gidan maƙwabcinmu To Mago ya tashi da mutum biyar a ciki. Abin da muka tsinto bai cika kwando ba. Duk ƙauyen muka koma zama cikin ramuka kamar ƙaguwa.

Daga nan Japanawa suka fara zargin kowa. Mijinki ya ƙona ciyawa a gona don ya shuka dankali, washegari aka jefa bam a rumbun makamansu da ke kusa. 'Yan sandan soja suka ce hayaƙinsa ne ya nuna wa jirage wurin. Suka rataye shi da hannuwa a bishiya, suka doke shi da gora har ta farfashe, suka ɗura masa ruwa suka tattake cikinsa. Sa'an nan suka tara mu duka, har yara, suka ba shi shebur ya haƙa raminsa. Da ya gama ya durƙusa a baki, ya fara waƙar coci. Bai kai ƙarshen baitin farko ba takobi ya sauka. Jini ya yi tsiri ya jiƙa ƙafafun na gaba.

Aka ce kada kowa ya matsa, a bar shi a buɗe ya zama darasi. Maza muna tsaye kawunanmu a ƙasa. Ke kika ajiye jaririyarki Ia Lote a hannun Inna mahaifiyarmu, kika nufi ramin. Wani soja ya buga miki gindin bindiga a baki, haƙoranki na gaba suka zube. Kika tashi kika ci gaba. Ya sake bugawa, kika sake tashi. Kika dubi tafinta, jini na zuba a ƙirjinki, kika ce, "Gaya masa, ko dai ya bar ni in rufe mijina, ko ya haɗa mu, ramin zai ishe mu." Hafsansu ya dube ki jim kaɗan, ya juya ya tafi. Kika sauka, kika mai da kan wurinsa, kika kwance zanenki na sama kika lulluɓe shi. Sai a lokacin mu maza muka samu ƙafafun da za mu zo mu tura ƙasa.

Ba a daɗe ba nawa ya zo. Muna ɗauke da buhunan shinkafarsu a kan hanya da rana tsaka, jirage suka sauko ƙasa-ƙasa. Da na farfaɗo, hannuna na hagu ya ragargaje daga gwiwa, yana reto da fata da jijiya. Japanawa suka bar mu a nan, ba su da magani ko don nasu. Ke kika zo kina jujjuya gawawwaki har kika same ni. Kika goya ni, ƙato da ni, zuwa raminmu.

Da hannun ya fara wari, kika wasa adda, kika sa ta a wuta, kika ɗaure mini dantse da igiyar daji, kika sa maza biyu suka danne ni. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar ni in mutu da hannuna." Kika ce, "Ka mutu ka bar ni da wa? Rago kawai. Yi ihunka, na saba da shi tun kana goye." Kika sare. Kika ƙona bakin da ƙarfe mai zafi, kika riƙa wanke shi da ruwan teku safe da yamma, ina zagin ki kina ramawa. Daga baya Inna ta gaya mini cewa da kika gama, bayan ramin kika zaga kika yi ta amai.

Amurkawa ba su shigo Rabaul ba. Zagaye ta suka yi suka wuce gaba, suka bar mu da dubban sojoji masu yunwa. Wannan shekarar ita ta fi kashe mu. Gyambo ya ci ƙafafun mutane har ƙashi. Ia Titila ta kumbura, zazzaɓi ya ɗauke ta, Inna ta bi ta. Duk da haka, duk matar da naƙuda ta kama a ramukan nan, ke ake kira. Kina karɓar haihuwa ƙasa na zubo muku daga sama, kina yanke cibiya da tsinin gora. Da yawa cikin dattawan da suka ɗauki makararki, hannunki suka fara faɗowa. Akwai kuma fursunoni 'yan Indiya da ake kora su aiki, ƙashi da fata. Kin riƙa yar da gasasshiyar ayaba a bakin hanyarsu kamar ta suɓuce miki, alhali kin san abin da ake yi wa wanda aka kama.

A watan Agusta na 1945 jirage suka daina zuwa. Aka ce an jefa wa biranen Japan biyu wani irin bam, sun miƙa wuya. Muka fito daga ramuka, ba gida, ba gona, ba coci. Kika ɗauki marayu huɗu kika haɗa da Ia Lote, kika raine su da noman gwaza da sayar da ayaba a kasuwa. Ba ki sake aure ba.

Ba zan ce kin yafe ba, don ba ki taɓa faɗa ba. Shekaru da yawa bayan haka wasu tsofaffin Japanawa suka zo neman ƙasusuwan mutanensu. Suka miƙo miki hannu, kika ƙi karɓa. Suka kawo kyauta, kika ce su mai da ita mota. Amma kika ɗauki sandarki kika shiga gaba, kika nuna musu kowane wuri da kika san an binne nasu. Na ce, "Yaya, waɗannan fa?" Kika ce, "Iyayen yaran nan ba su kashe mini miji ba. A kai musu 'ya'yansu."

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya gafarta miki, ya karɓe ki cikin salamarsa, inda babu ƙarar jirgi babu kuka. Ya jiƙan To Varpiam da Ia Titila da Inna, da duk waɗanda yaƙin ya cinye ba a san kabarinsu ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ia Lote da 'yan'uwanta huɗu da kika raina, da jikoki, da dangin mijinki, da zuriyarmu baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Cikin manyan da muka zauna a ramin nan, ni kaɗai na rage. Daga yau babu wanda zan juya in ce wa, "Kin tuna?"