Muldi Maƙeri, Wanda Ya Daina Narka Rumawa

A shekarar 1961 Muldi ɗan Balkasim ya narka tukunya guda ta sulallan azurfar Rumawa, ya ƙera wa wata amarya mundaye da su. Ɓarnar ke nan, babu wani kwana-kwana.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a Subaitila ta ƙasar Tunis a 1938. Mahaifinsa maƙerin azurfa ne, sunan mahaifiyarsa Hadda. Allo kawai ya yi, sai maƙera. A lokacin, duk sulen da garma ta tono a gonar zaitun, wuta ce makomarsa, don azurfar Rumawa ta fi ta kasuwa kyau.

Sana'a

Daga waccan tukunya sule ɗaya ya faɗi ƙasa ya tsira. Da Muldi ya duba, sai ya ga fuskar mutum har da gemunsa a tsefe. Daga ranar ya haramta wa kansa narka su. Manomi ya kawo, sai ya auna masa sabuwar azurfa daidai nauyinsu, ya ajiye tsofaffin. Ba ya karanta rubutunsu, da kamanni yake rarrabe sarakunan da ke jikinsu: ga Mai Gemu, ga Ƙaton Wuya, ga Hancin Shaho. Bai yarda a goge su da lemun tsami ba.

Aure da iyali

Ya auri Mabruka a 1966. Ta sha ce masa, "Maigida, Ƙaton Wuyan naka ne zai saya mana garin kuskus?"

Shi kuma ya ce, "Haba uwargida, baƙo ne, ya riga kakanki zuwa garin nan."

Azurfar shago ta yi ta raguwa, masu aure suka koma wajen wasu maƙera. 'Yarsa Najiba ce ta yi karatu har ta iya karanta masa sunayen sarakunan.

Tsufa da rasuwa

A 1994 ya miƙa sulallan duka ga gidan tarihi, inda Najiba ke aikin tantance su har yau. Manoman yankin yanzu wajenta suke kai abin da suka tono.

Ya rasu a watan Rajab na 2009, aka binne shi a maƙabartar garin bayan La'asar. Ya bar 'ya'ya uku: Lutfi, Najiba da Rida. Gado kam babu: shagon mahaifinsa ya sayar tun 1988 don ya biya manoma azurfarsu, kuma a gidan haya ya cika.