Baba Mailafiya da Takalmin Muttaka

Da an idar da sallar Asuba, Baba Mailafiya ba ya komawa barci. Yana shan kokonsa a tsaye, ya rataya jakar fatar nan tasa da ta yi baƙi saboda hannu, ya fito daga lungunsu a Kabara, ya bi gefen hanya har Ƙofar Na'isa. Can rumfarsa take, kwano uku da buhu, jingine da katangar wani gida. Ya share, ya yayyafa ruwa, ya jera basilla da zare da aska da gwangwanin gam a kan wani tsohon katako, kowanne a inda yake jiya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Na riƙe lissafin ne domin a shekarar da ya kafa rumfar aka yi ƙanƙarar da ta kashe mini zabbi biyu.

Baduku ne, mai gyaran takalmi. Mako biyu da suka wuce ya rufe rumfar, kuma ban sani ba ko zai sake buɗe ta. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, tun yana da kunnen da za a karanta masa ya ji.

Akwai wani filin siminti a bayan wata makaranta kusa da rumfarsa, inda samari da magidanta suke buga ƙwallon kwando bayan La'asar. Ƙungiyarsu sunanta Taurarin Ganuwa. A cikinsu akwai Muttaka, marini ne a Ƙofar Mata, hannuwansa shuɗaye har gwiwar hannu. Idan ya shiga masallaci sai ya sunkuya a ƙofa. Shi ne senta, wato dogon da yake tsayawa a ƙarƙashin kwando. Takalminsa lamba hamsin da ɗaya. An zagaye 'yan gwanjon Ƙofar Wambai kaf, ƙafa ɗaya tak aka taɓa samu daidai shi, shekara takwas ke nan, kuma har yau shi yake sawa. Na taɓa ganin kyanwa ta shige cikin na dama ta yi barci, wutsiyarta ma ba ta leƙo ba.

Wasan Muttaka ba irin na sauran ba ne. Shi ba ya gudu, ba ya jifa daga nesa. Juya wa kwando baya yake yi, ya jingina da mai tsaronsa, ya ɗaga hannu a ba shi ƙwallo. Sai ya dinga tura mutum da ƙugu a hankali, taku ɗaya, taku biyu, sannan ya kafe ƙafar hagu, ya juya a kanta kamar ƙyaure, ya ajiye ƙwallo a kwando. Dokar wasan ta ce wannan ƙafar da aka kafe tana iya juyawa, amma ba za ta zame ba, ba za a ja ta ba. In ta matsa, alƙalin wasa ya hura usur, an ƙwace ƙwallo.

Ranar da Muttaka ya fara kawo takalmin nan rumfa, ƙasansa ya cinye. Baba Mailafiya ya yi abin da kowane baduku a Kano zai yi: ya yanko taya mai kyau, mai kaushi, ya ɗinke masa ita tam, yana alfahari cewa ko a kan santsin bakin rijiya ba zai zame ba. Bai kuwa zame ba. A wasan farko Muttaka ya juya, jikinsa ya tafi, takalmi ya ƙi binsa, gwiwa ta murɗe. Wata biyu yana kwance. Babu wanda ya zargi baduku, domin babu wanda ya gane. Baba Mailafiya ne kaɗai ya gane.

Daga ranar, da an yi La'asar sai ya rufe rumfa ya ɗauki ɗan bencinsa ya zauna a bakin fili. Bai taɓa kallon ƙwallo ba. Ƙafafu yake kallo. Na zauna kusa da shi shekara da shekaru, in aka tashi wasa ni yake tambaya wa ya ci. A haka ya gano abin da takalmin yake so: ko'ina ya zama mai kaushi ya kama siminti, amma a ƙarƙashin tudun babban yatsan hagu a sa wata roba zagayayya, faɗinta kamar bakin kofin shayi, a goge ta da samfefa har ta yi laushi. A kanta ƙafar take juyawa. Duk wata uku ko huɗu takan cinye, shi kuma ya sake wata.

Kai ne, Baba Mailafiya, ka koyi wasan da ba ka san yadda ake ƙirga makinsa ba, don kawai kada ka sake cutar da gwiwar ɗan mutane. Na juyi, uban masu basilla.

To, a daminar bana abu ya rikice. Wasa uku a jere Muttaka yana juyawa ana hura masa usur. Ƙafar hagu tana zamewa. A na ukun har sau biyar. A daidai lokacin kuma mai horar da su, Koci Mikail, zai fitar da sunayen mutum goma sha biyu da za su buga gasar bana, ga wani sabon dogo mai suna Bashir ya zo, mai gudu, mai jifa daga nesa. Koci ya ce ranar Asabar za a yi wasan gwaji, daga nan zai yanke. Kowa ya san abin da ake nufi. In Muttaka ya sake zamewa, ya fita ke nan, kuma mai shekara talatin ba ya fita ya dawo.

A dakalin mai shayi na bakin fili aka kafa musu, kwana huɗu ba a tashi daga shi ba. Ɗahiru mai gyaran waya shi ne kan gaba. A ganinsa zamanin ba wa kwando baya ya wuce. Yana nuna wa mutane a wayarsa yadda dogayen ƙasashen waje suke fita can nesa suna jefa mai maki uku, ya ce Muttaka yana cinye lokaci ne kawai, yana toshe wa masu gudu hanya, ga shi maki takwas yake ci in ya yi ƙoƙari. Kabiru tela ya ce a bar ƙirga maki, a duba abin da yake faruwa in Muttaka ya karɓi ƙwallo: dole mutum biyu su rufa masa, sai wani ya zauna babu mai tsaro, kuma duk makin da wancan ya ci rabi na Muttaka ne. Ya kuma tambaya wa yake kwaso ƙwallo in ta bugi ƙarfe ta dawo.

"Kabiru, ko turken wuta aka kafa a wurin nan ƙwallo za ta dinga faɗo masa," in ji Ɗahiru. "Mutum ya juya wa kwando baya sai ka ce gaba suke yi."

"Kai da ka fuskance shi shekara goma, me ka taɓa jefawa a ciki?" in ji Kabiru.

Aka yi dariya, amma ni ban iya yi ba. Muttaka yana zaune a can ƙarshen dakali yana jin komai, shuɗayen hannuwansa a kan gwiwa. Ɗahiru ya rage murya ya ce shi ba ƙiyayya yake yi ba, ƙafar mutum in ta gaji ta gaji, kowa ya ga yadda take zamewa.

A nan Baba Mailafiya ya ce a miƙo masa takalmin hagu. Ya karɓa, bai ma kai shi kusa da fuska ba. Ya zura hannu ciki, ya ɗora ɗayan hannun a ƙasansa, ya shafa. Sannan ya ce:

"Ku bar ƙafar yaron nan. Ƙafarsa lafiya lau. Idona ne. Robar da na sa masa wancan watan ta kauce da faɗin yatsa biyu, ban gani ba. Rabin tudun yana kan kaushi, rabi yana kan santsi. Ni na zamar da shi."

Babu wanda ya san yanar ido ta rufe masa gani sai ranar. Wata bakwai yana ɓoyewa. Na tuna yadda ya daina gaishe ni sai na yi magana, ni kuwa ina tsammani fushi yake da ni a kan wata tsohuwar magana ta radiyo. Mutumin da abincinsa yake a idonsa ya tsaya a gaban mutum ashirin ya ce ba ya gani, alhali da ya yi shiru babu mai tambayarsa.

Ɗahiru ya ce a kai takalmin wurin wani baduku mai ido. Muttaka ya ce a'a.

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu. Na bi Baba Mailafiya rumfa, ba don zan iya taimaka masa da komai ba, sai don na kasa zama a gida. Ya ɓamɓare tsohuwar robar da aska yana lalube. Ina kallon bakin askar nan tana bi ta gefen yatsansa. Sai ya sake zura hannu cikin takalmin. Ashe shekara takwas na juyi sun haƙa ɗan rami a ciki, daidai inda tudun yatsan yake zama. Ya sa ɗan yatsa a tsakiyar ramin, ya soka basilla daga ciki ta fito ta ƙasa. Ya ce nan ne tsakiya, kuma da ma tun farko haka ya kamata ya dinga yi, ido ne ya sa shi girman kai.

Sai ruwa ya sauko. Yini guda ana yi, gam ya ƙi kamawa. Ya naɗe takalmin a riga ya kai gida, matarsa Baba 'Yardada ta jingina shi kusa da murhu tana juya shi kamar mai gasa masara, tana faɗa cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da ake ba takalmi wuri a madafa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗinke. Ɗinki talatin da shida, kowanne yana auna shi da farce. Sau uku basilla ta shige shi. Ya tsotse jinin ya ci gaba.

Ranar Asabar ban ci abincin rana ba. Tunani iri-iri nake yi: in zaren ya tsinke fa, in robar ta yi santsi da yawa fa, in gwiwar nan ta sake murɗewa fa. Muka zauna a bakin fili, shi a bencinsa ni a ƙasa. Ya ce kada in gaya masa komai sai in ƙafar hagu ta matsa, sauran zai ji da kunnensa.

Aka ba Muttaka ƙwallo ta farko. Ya jingina da Bashir, ya tura, ya tura, ya kafe. Na rufe ido, Allah ya gani. Sai na ji wani ɗan gajeren ƙara a kan siminti, kamar kukan ɗan tsako, kuma babu usur. Baba Mailafiya ya damƙe mini kafaɗa.

"Ta zauna," ya ce.

Sau goma sha ɗaya Muttaka ya juya a wasan nan, ban rasa ko ɗaya ba wajen ƙirga, kuma ba a hura masa ko sau ɗaya ba. Maki goma ya ci. Bashir ya ci goma sha bakwai, kuma ɓangaren Bashir ne suka yi nasara. Koci Mikail ya tsaya ya daɗe yana duban takardarsa, ni kuwa ina duban bakinsa. Ya karanta sunaye. Na Muttaka shi ne na goma sha ɗaya.

Musu dai bai mutu ba. Ɗahiru ya ce goma sha bakwai ta fi goma ko a wace makaranta. Kabiru ya ce a tambayi haƙarƙarin Bashir. Amma da za a watse, na ga Ɗahiru ya ɗauki bencin Baba Mailafiya ya kai masa har rumfa.

Wannan shi ne aikinsa na ƙarshe. Likitan ido ya ba shi rana a wata mai zuwa, ya ce za a yi aiki, amma bai yi alkawarin komai ba, domin an daɗe ba a zo ba. Gasar kuwa wata huɗu za a yi ana bugawa, robar nan da ƙyar take kai huɗu. Na ƙirga a yatsu sau da yawa, ko ta ina na fara ba ta fita. Wata rana a tsakiyar gasa za ta cinye, Muttaka zai juya, za a hura usur, kuma a dakalin mai shayi za a ce ƙafarsa ce.

Baba Mailafiya, mun gode. Kai ne ka riƙe dogon Ƙofar Mata a tsaye shekara takwas ba tare da an taɓa kiran sunanka a fili ba. Kai ne ka ɗauki laifi da bakinka lokacin da ake shirin ɗora shi a kan wani. Allah ya buɗe maka idonka, ya sa aikin nan ya zo da sauƙi, ya saka wa Baba 'Yardada da alheri.

Ku kuma badukan birni, na Ƙofar Wambai da na Kurmi da duk inda kuke, roƙonku nake yi. Mutum ɗaya ya ishe mu. Ya je Kabara ya tambayi gidan Mailafiya mai takalmi, kowa ya sani. Yana zaure tun daga hantsi har Azahar. Na tambaye shi jiya ko zai yarda ya koya wa wani, ya ce ai shi jira yake yi. Na ce me mutum zai zo da shi. Ya ce ba sai an zo da kayan aiki ba, nasa suna nan a jaka, a dai zo da hannu, kuma a zo kafin robar ta cinye.