Akwatin wifi da ya kori ƙanena daga gona

Shekaru sun tura, amma abin da wani akwatin wifi ya jawo wa gidanmu a Matameye ba zan taɓa mantawa da shi ba. Shekarar fari ce, sojoji kuma na kan mulki. An samu ruwan farko an yi shuka, sai sama ta ɗauke, hatsi ya ƙone tun yana ƙarami. Kowa ya zuba ido ruwa ya dawo a sake shuka.

Ƙanena ne ya kawo akwatin daga Kano, inda yake cin rani. Shi dai bai taɓa dawowa hannu rabbana ba, yau rediyo, gobe fanka, duk na hannu. Muka sa wa akwatin layin waya na nan gida, ya kama aiki lafiya lau. Ni malamin makaranta ne, da shi nake binciken abin da zan koyar.

Wata ranar kasuwa ƙanen nawa ya ji yadda tiyar hatsi ta tashi a Kance, ransa ya ɓaci. Ya ɗauki waya ya yi magana a zauren hirar 'yan garinmu na intanet, ya ce masu kaki sun bar talaka da yunwa. Bai zagi kowa ba, amma a lokacin ko tari mutum zai yi sai ya waiga.

Cikin makon nan akwatin ya fara gardama. Ka rubuta sunan shafi ya ce bai san wurin ba, ka sake dannawa ya buɗe, an jima ya ƙi. Ga rezo, wato sabis ɗin waya, cike, ga fitilunsa duk a kunne.

"Yaya, sun gano gidan nan," in ji ƙanena. "Ni suke bi."

Na ce, "Wane irin soja ne zai toshe ka, ka sake dannawa ya buɗe maka? Ashe yana da saurin hucewa."

Bai yi dariya ba. Maƙwabta kuma ba su taimaka ba, kowa ya shigo sai ya kawo labarin wani da aka ɗauke a wani gari da bai taɓa zuwa ba. Innarmu ta daina cin abinci. Na kashe akwatin na kunna, na canza layi, na ɗora shi bisa katanga, duk kanwar ja ce. Ƙanena ya ce zai gudu, na roƙe shi ya dakata in kai akwatin Damagaram a duba.

Inna ta ce masa, "Tafi abinka ɗan nan, gona ba ta kai ranka ba."

Washegari ya hau kabu-kabu ya bi hanyar daji ya tsallaka Najeriya. Na ji haushi ƙwarai, amma ba a gardama da uwa a kan ran ɗanta.

Mai gyaran da na kai wa a Damagaram bai daɗe ba ya gano matsalar. Ya kira ni Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "In ka rubuta sunan shafi, akwatin sai ya tambayi wani wuri ina gidan wane yake. Naka wurare biyu aka sa masa. Ɗaya na nan yana aiki. Ɗayan na ma'aikatar da ta sayar da shi ne a Kano, kuma da alama sun rufe shi kwanan nan. In ya tambayi wannan, shiru."

Ya goge na Kano, shi ke nan. Ashe ko soja ɗaya bai san da zamanmu ba.

A daren da na dawo aka kwana ana ruwa. Na yi ta neman ƙanena a waya ban same shi ba, don ya jefar da layinsa saboda tsoro. Da ya kira da kansa, ƙasa ta riga ta bushe. Na faɗa masa komai.

"Yaya, an yi ruwa?"

"An yi."

"Gonata fa?"

Na ce na shuka masa gefen da na iya bayan na gama tawa. Sauran ta tafi a ciyawa, kuma wannan ruwan shi ne na shuka na ƙarshe a shekarar. Iyalinsa daga rumbuna suka ci har wata kaka.

Tun daga nan, in abu ya lalace, nakan fara buɗe cikinsa kafin in tambayi wa ke bina. Sojoji ba su taɓa ƙanena ba. Tsoronsu kaɗai ya ishe shi rasa damina.