Sahabi Mai Waken Toka

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san Sahabi ɗan Halliru, mutumin Tozai, wanda ke shimfiɗa buhunan wakensa can bayan masu albasa. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya rantsuwa kan ciniki. Ni Ummu mai ƙosai na fi kowa saninsa, don tun ubansa na zuwa bisa jaki nake awo wurinsu.

Gidansu ba su zuba ma wake magani. Toka suke tankaɗewa su cuɗe shi da ita, su watsa busasshen barkono, su liƙe bakin rumbu da laka. Shi ya sa in kin tsoma hannu cikin buhunsu sai ya fito fari fat, kina atishawa. Mu mata da wannan muke gane waken kirki. Wanda anka feshe da maganin ƙwari fiya-fiya sumul yake, yana ƙyalli kamar an shafa mai.

Da Halliru ya rasu, Sahabi ya riƙe gonar, ya riƙe hali. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, na zo awo ya ce, "Inna, bana nawa ya yi ƙwari, ki duba wani wuri." Na ce, "Zuba min da ƙwarin, ɗan nan, nama ne kyauta." Daga rannan na zame mai shela ba lada. Matan unguwarmu, masu alala, har wata da ke tsallakowa daga Ƙonni da sefarta ƙulle a bakin zane, duk ni na kai su. Su kuma uwayen yara kan turo ɗiyansu da safe su sayi ƙosaina ido rufe, don sun san inda wakena ya fito.

Sannu a hankali Sahabi ya sayi babur, ya yi rufin kwano, ya fara tumbi. Ban yi hassada ba. Abin da ya ɗan tsaya min shi ne, har damina ta yi nisa, rumbun kowa ya koma fayau, shi buhunansa ba su raguwa. Na tambaye shi, ya ce albarka ce. Na ce Allah ya ƙara.

Wata Litinin na surfa wake, na wanke, na ba akuyata ruwan da dusar kamar kullum, na yi tuya na sayar tas. Kafin azahar akuya na kwance tana kumfa. Ban gama da ita ba sai ga maƙwabciyata Mahbuba ba ko takalmi, ta ce yaranta na ta amai, ɗaya har ba ya ɗaga kai. Gida huɗu abin ya taɓa. Anka kwashe su zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana, duk sunka tashi. Likita ya ce maganin ƙwari ne cikin abinci. Akuya dai ba ta kai la'asar ba.

Ran kasuwa na ƙulle sauran waken a tsumma na sami Sahabi.

"Inna, an fito lafiya? Kwano nawa yau?"

"Wanga waken na wace gona ne, Sahabi?"

Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya. Wai tun kaka masu manyan motoci sunka bi shi har Tozai sunka saye nasa kaf, da tsada. Da ya ga zai rasa mu, sai ya riƙa sarowa wurin wani dillali, ya kai gida ya barbaɗe da toka.

"Mi ya hana ka faɗa min, kamar waccan shekarar?"

"Inna, lokacin ina da mace ɗaya da ɗiya biyu. Kuma kowa haka yake yi. Ƙila ke ce ba ki wanke sosai ba."

"Ni za ka koya ma wankin wake? Ina wanke shi tun uwarka na goyonka."

"To ai tokar dai ta gidanmu ce," in ji shi, har yana murmushi.

Ban nemi ya biya ni akuya ba. Abu guda na roƙe shi: ya zo unguwarmu bayan sallar Juma'a, ya tsaya gaban mai unguwa da uwayen yaran ya ce waken nasa ne, ni ban sani ba. Ya dafa ƙirji ya ce in sha Allahu. Na yi shara, na shimfiɗa tabarma, na gaya ma Mahbuba ta tara mata. Munka zauna har rana ta juya, Sahabi bai zo ba. Ɗaya bayan ɗaya sunka kakkaɓe zane sunka tafi.

Sahabi na nan inda yake, ya ma ƙara rumfa, bara ya je Umra. In na gifta sai ya ɗaga murya, "Inna, ba a awo?" Ni kuwa na ci gaba da hura wuta har wata biyu, ƙosai na hucewa a faranti, yara na wuce ni da kwanoninsu zuwa bakin titi. Daga baya na kife kaskon. A unguwa har yau, in ana labarin, ƙosan Ummu ake cewa ya kwantar da yara. Ba wanda ke ambaton Tozai.