Herr Nurettin, Mai Tsintsiyar da Ke Cewa "Baya, Baya!"

Kafin mu masu zuwa aiki mu iso tashar Neufahrn da safe, Herr Nurettin Akbulut ya riga ya share dandamali daga wannan baki zuwa wancan. Guntayen sigari, kofunan kofi, cingam ɗin da 'yan makaranta ke mannawa a ƙarƙashin benci, duk ya kwashe. In sanyi ne ya watsa tsakuwa a kan ƙanƙara don kada irina masu ciwon gwiwa mu zame. Sai ya zuba shayinsa daga fulas, baƙi ƙirin, ya sha a tsaye. Daga nan ya ɗauki tsintsiya ya je can gaba, daidai inda kan jirgi ke tsayawa. A nan yake aikinsa na biyu, wanda ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu a kai.

Jirgin ƙasan da ke fitowa daga Munich ta wajenmu jirgi biyu ne a haɗe, kuma a tasharmu ake raba su. Na gaba ya wuce zuwa Freising, na baya ya nufi filin jirgin sama. Babu ƙofa a tsakaninsu, sai ka fito waje ka bi dandamali da gudu. Mu 'yan gari mun sani. Baƙo fa? Baƙo ya shiga a babbar tasha, ya ga kujera, ya zauna da akwatinsa, ransa fes. Wai ai ana faɗa a lasifika. Ana faɗa mana! Da wata murya kamar mutum ya cusa kansa cikin tukunya. Wai kuma akwai allo. Mutumin da ke riƙe da yara biyu da keken jariri da fasfo a baki, shi ne zai tsaya karatun allo?

Sunana Resi Haslbeck. 'Ya'yana huɗu, kuma ina girki a gidan tsofaffi a Freising, saboda haka kullum safe na gaban nake shiga. Shekara ashirin da wani abu ina kallon mutumin nan. Jirgi na tsayawa sai ya bi tagogi da ido. Da ya hango akwati mai takardar jirgin sama, sai ya ƙwanƙwasa gilashi da sandar tsintsiya.

"Filin jirgi? Baya, baya! Fito, kawu, fito! Wannan babban cocin Freising zai kai ka, ba sama ba!"

Yana faɗa da Jamusanci, da yarensu na Turkiyya, da wani guntun Turanci da ya tsinta, in duk sun ƙi ya buɗe hannuwa kamar fukafukai ya nuna baya. Kuma ba ya barinsu haka. Yana binsu yana cewa kada su sauka a tashar farko, wannan ta masu zuwa kallon jirage ce, su zauna sai ta ƙarshe. Wanda ya ga ya firgita ƙwarai kuwa sai ya ce masa in ya sake zuwa ya hau ɗaya jirgin da ke bi ta gabas, shi ba a raba shi.

Na ga ya ɗauki wata tsohuwa 'yar Girka kamar jaririya ya kai ta taragon baya. Na ga ya tura keken wani gurgu da hannu ɗaya, tsintsiya a ɗayan. Mai sayar da burodin tasha za ta shaida, direbobi za su shaida, ba ni kaɗai ba.

To mu fa 'yan gari, da muke zaune a taragon nan? Nan ne raina ke ɓaci. Mutum yana ganin baƙo da akwati a gabansa, ya san sarai jirginsa zai tashi ya bar shi, amma sai ya mayar da ido kan waya. Wai ba a shiga harkar mutane. Wai ladabi ne. Ranar Lahadi kuma mu cika coci muna rera waƙar son maƙwabci har rufi na rawa. Akwai wani Herr Lachner, da hularsa mai gashin tsuntsu da jaridarsa, kullum kujera ɗaya yake zama. In ka gaishe shi sai ya motsa gira. Ko jirgin ne ya kama da wuta, sai ya gama shafin wasanni zai tashi.

Ni da Herr Nurettin kuwa mun saba tsokanar juna. Shi da carbinsa a aljihu, ni da nawa.

"Frau Resi, yau ma tsofaffin nan kabeji za su ci? Ki ji tsoron Allah."

"Kai dai sha shayinka, mai kama da kwalta."

Bara da kaka aka jawo masa. Ya ƙwanƙwasa wa wani mai kwat da babban akwati, ashe shi mutumin Freising ɗin za shi. Sau ɗaya ya yi kuskure, sau ɗaya tak, kuma kuskuren me? Tambaya! Mutumin ya kai ƙara wai mai shara ya daka masa tsawa ya taɓa masa kaya. Kamfanin sharar da ya ɗauki Herr Nurettin ya turo mai duba aiki, wani Herr Pichlmaier, wanda na haifi wanda ya girme shi. A gabana ya faɗa masa.

"Herr Akbulut, an ɗauke ka shara. Ba magana da fasinja, ba taɓa kaya, ba sa ƙafa a jirgi. In aka sake, ka bar tashar nan."

Saura 'yan watanni Herr Nurettin ya yi ritaya. Ba shi da wani buri sai ya ƙarasa a dandamalin da ya tsufa a kai, ya ajiye tsintsiyarsa da mutunci.

Na ce, "Yaro, kai za ka zo ka riƙa nuna musu hanya?"

Ya ce, "Akwai lasifika, Frau Haslbeck."

Na ce, "Allah ya sa ranar da ka ɓata a garin da ba ka jin yarensu, lasifika ta riƙe maka jaka."

Daga ranar Herr Nurettin ya yi shiru. Ku zo ku ga mutum yana ramewa a tsaye! Yana sharar wuri ɗaya har sau uku, kansa a ƙasa, don kada idonsa ya faɗa taga. Wanda na gani ni nake faɗa wa, amma tarago nawa ne a gaban, ni kuma ido biyu gare ni da ƙafa ɗaya mai lafiya. Mai gadin tashar Freising ya ce bai taɓa ganin masu akwati suna kuka a gabansa kamar watannin nan ba.

Sai wata safiya ana dab da Kirsimeti, dusar ƙanƙara na zuba. Herr Pichlmaier na tsaye a dandamali da lema, ya zo duba ko an watsa tsakuwa. Na shiga na zauna. Can ƙarshen tarago, inda ba na hangowa, ashe wani ɗan Romaniya ne ke barci, da tufafin aikin gini a jikinsa, siminti har gira. Akwati a tsakanin ƙafafunsa, an ɗaura masa 'yar tsana da igiya. Mutanen da ke kewaye da shi duk sun gani. Herr Lachner ma gwiwarsa na gogar akwatin.

Sai na ji ƙwanƙwas a gilashi. Shiru. Na sake ji. Mutumin bai motsa ba. Na leƙa sai na ga Herr Nurettin ya juya ya kalli mai duba aiki, shi ma yana kallonsa. Ido cikin ido. Sannan ya yi bismillarsa ya sa ƙafa a jirgi, da tsintsiyar da komai.

"Tashi, ɗana! Filin jirgi? Baya, baya!"

Mutumin ya zabura yana kiran sunan Allah da yarensu. Herr Nurettin ya ja shi waje, na taso na miƙa jakar hannunsa. Ana haka igiyar ta tsinke, 'yar tsanar ta gangara ƙarƙashin kujera. Ƙofa ta fara ƙara. Na ce, "Fita, Nurettin, bar ta!" Ina! Ya koma, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa, ya zaro ta, ya wurga ta waje ta tsakanin ƙofa. Mutumin ya cafe. Ƙofa ta rufe.

Jirgi ya tashi da mai shara a ciki.

Muka wuce Herr Pichlmaier yana tsaye da lemarsa, baki buɗe. Herr Nurettin ya riƙe ƙarfe yana haki, rigar aikinsa na ɗigar ruwa. Ya dube ni ya yi murmushi.

"To, Frau Resi, yau ni ne na shiga na gaba. Ba wanda ya ce mini baya."

Ni ban yi dariya ba. Na juya kan taragon nan na ce, "Ku dube shi da kyau! Tsoho ya jefa aikinsa a wuta saboda kalma ɗaya da ta fi ƙarfin bakinku. Herr Lachner, da kai nake! Akwatin a gwiwarka yake. Jaridar ce ta ɗinke maka baki?"

Ya ce, "Frau Haslbeck, ni ban san mutumin ba."

"Shi ya san shi? Ɗan ƙanwarsa ne?"

Herr Nurettin ne ma ke ja mini hannun riga, wai in bari, mutane sun gaji, safiya ce. A tashar Pulling ya sauka, tsakiyar gonaki, ya tsaya cikin ƙanƙara da tsintsiyarsa yana jiran jirgin komawa.

Kuna tsammani an tausaya masa? Ba su kore shi ba, wai don shekarunsa. Sai suka mayar da shi wata farfajiyar ajiye motoci a bayan gari, inda ba ya ganin kowa sai hankaki. A can ya ƙarasa watanninsa. Na je ofishinsu da kaina har sau biyu, aka ba ni kofi aka ce doka ce. Doka! Bayan sabuwar shekara ɗan Romaniyan ya zo tasha yana nemansa da cuku a leda da hoton 'yarsa ranar baftisma, tana rungume da 'yar tsanar. Ni na karɓa na kai masa gida. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ni ko ana watsa tsakuwa a dandamali da wuri.

Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. Ba fure, ba musafaha, ko sannu da aiki. An karɓi rigar da makulli, shi ke nan.

Herr Nurettin, kai ne wanda bai iya ganin bawan Allah zai ɓata ya kawar da kai ba. Kai ne ka zo ƙasar nan baƙo, ka san zafin tsayawa a tasha ba wanda zai ce maka ga hanya, ka kuma rantse ba za a yi wa wani haka a gabanka ba. Mutane nawa suka iske ɗaurin aure, nawa suka iske iyayensu da rai, saboda sandar tsintsiyarka? Ba su san sunanka ba. Wanda ya san adadin gashin kanmu ya sani, kuma ba ya mantuwa kamar kamfani. Na gode. A madadin garin nan da kunya ta hana shi buɗe baki, na gode. Asabar mai zuwa bayan azahar akwai kofi da kek a zauren cocinmu saboda kai. Na gaya wa Fada, limamin cocinmu, na kuma gaya wa mata kada wadda ta sa giya ko man alade a komai. Ka zo da matarka Hanife, kuma ka zo da shayinka, na san kofinmu ba ya yi maka.

Ga labarin da na ajiye maka. Shekaranjiya jirgi ya tsaya a tasharmu, wata yarinya 'yar Koriya ko Japan na zaune a taragonmu na gaba da akwati ja, tana ta kallon waya. Ina daga nesa, na fara tattara jakunkunana zan taso. Sai na ga jarida ta sauka. Herr Lachner ya yi gyaran murya, fuskarsa ta yi ja har kunne, ya miƙe, ya buɗe hannuwa kamar fukafukai, da hular gashin tsuntsun da komai.

"Filin jirgi? Baya, baya!"

Har ƙofa ya kai mata akwatin. Da ya dawo ya zauna bai kalle ni ba, ya ɗaga jaridar ya rufe fuska, jaridar ma a juye.

To ku sauran, in Herr Lachner ya iya, ba wanda ke da uzuri. Gobe in kun ga akwati a taragon gaba, ku buɗe bakin da Allah ya ba ku. Mu dai ba wanda zai tura mu sharar farfajiyar motoci a kan haka.