Ranar da Bagaruwa Ta Yi Baƙi

A Maijirgi, shekarun da gyaɗa ke tashe, da an ci tuwo muke kewaye kakarmu Iya Tabawa a bakin wuta muna ɓarar gyaɗar iri, tana ba mu gatana. Wanda ya jefa ƙwaya a baki ya sha ranƙwashi, ni kam kaina ya saba. Iya ce mai maganin kumburi a unguwarmu. Takan daka bagaruwa, ta dafa a tukunyar ƙasa, ta tace da tsumma, ruwan ya fito ja-ja kamar shayi.

Gatanar da ta fi razana mu ita ce ta wata baƙuwar mata. An kai mata yaro mai kumburin maƙogwaro, ta dafa masa bagaruwa a tukunyar ƙarfe da mijinta ya sayo a kakar gyaɗa.

"Da anka buɗe tukunya," in ji Iya, tana rage murya, "ruwa baƙi ƙirin, kamar tawadar malam! Wa ke dahwa bagaruwa ta hito hakanan in ba mayya ba?"

Uwar yaron ta fasa ihu, gari ya taru. Kafin magariba an kori matar da jifa, da goyonta a baya. Mu kuwa sai mu haɗa baki mu ce, "Allah shi ƙara!"

Na girma, ina aikin jinya a Tasawa, wata rana na kai takalmi wurin baduku. A gabana ya zuba ruwan da ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi cikin ruwan bagaruwa. Nan take ya rine. Na ƙura wa ruwan ido.

"Lahiya, malam?" ya ce. "Hakanan muke rina hwata. Bagaruwa in ta gamu da ƙarhe, dole ta yi baƙi."

Iya ta riga ta rasu, don haka mahaifiyata na je na tambaya ko labarin gatana ce kawai.

"Wace gatana?" ta ce. "Ina wurin. Yaron nan ai kawunka Ilu ne, lokacin Iya ba ta hwara ba da magani ba."

Ashe Iya ce ta yi ihun. Ina sonta har gobe, hannunta ya warkar da mutane da yawa, kuma ta koma ga Allah tana ganin ɗanta ta ceta. Amma matar nan magani ta dafa, irin na Iya sak, laifinta kawai tukunya. Jikokina kan roƙe ni gatanar Iya, nakan ba su duka. Wannan ɗaya ce in na fara, ba na kai ta ƙarshe.