Birkin Motar Surukina

Garwa

Muna sallame sallar asuba na ɗauki surukina, Alhaji Buba mahauci, muka kama hanyar Maruwa. Yanar ido ta rufe masa gani, kuma likitan da ke cire ta sau ɗaya yake zuwa a wata uku. Ranar ce randebunsa, wato ranar da aka sa masa ya ga likitan, an ce mu isa kafin azahar.

Motar kuwa tsohuwar fijonsa ce, da ya ba ni kyauta da ganinsa ya yi rauni. To ga inda gizo ke saƙar: tun kwanakin baya, in na taka birki sai in ji wani ƙiii daga ƙafar gaba ta dama. Na so in shiga garaj tun jajibiri, amma makaniken unguwarmu ƙanen Alhaji ne, kafin in dawo gida labari ya riga ni. A ce surukinka ya ba ka mota, ka fara kai ta asibiti? Na ce bari dai mu dawo.

Pitowa

Jandarma suka tsayar da mu a shinge. Na taka birki, ta yi kukan nan har wata mai tallar gyaɗa ta ja baya. Jandarman ya duba takardu, ya leƙo ya ce, "Patron, motarka waƙa take yi?" Na yi dariyar yaƙe, na saci kallon Alhaji. Carbinsa kawai yake ja.

Daga nan sitiyari ya fara fizgata dama, ina riƙe shi da hannu biyu, gumi har cikin ido. Sau nawa na buɗe baki! Da na ce "Baba" sai ya ce "Na'am," ni kuma in ce, "Ko a sauke gilashi?" Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Gidar

Dab da gari wari ya cika motar, irin na tukunyar da aka manta a murhu. Wata akuya ta ratsa titi, na danna birki, motar ta kwashe mu sai gefen kwalbati. Hular Alhaji ta faɗo a cinyarsa. Na fito, ga hayaƙi yana tashi daga taya.

Masu babur suka taya ni tura ta garajin wani Usmanu, dogon mutum mai son tsokana. Ya fara da gaisuwar Fulatanci, ya ce, "Jam na? Tsire kake gasawa a ƙarƙashin mota?" Ya ɗaga gaban da jak. Ya juya tayar hagu, ta yi ta wulwulawa. Ya juya ta dama, ta ƙi motsi sai da ya sa ƙarfi. Da ta huce ya kwance ta, ya zaro plaket biyun, wato takalman da ke matse faifan birki, ya ɗora min a tafi. Na waje da sauran namansa sosai, na ciki kuwa ya cinye har ƙarfe, ya fara zana faifan.

Ya nuna min wani ƙarfe mai tsawon yatsa da mamatsin birkin ke zamewa a kansa. Robar da ke rufe shi ta yage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kafe shi. Shi ya sa ɓangare ɗaya ke ta aiki ba hutu. Ya ce zai goge shi ya sa giris da sabuwar roba, amma plaket sai an canja na ƙafafun gaba duka biyu, in ba haka ba fizgar ba za ta bari ba. Sai dai babu irinsu a Gidar ranar, sai an aiko daga Garwa a motar haya.

"Da can ka kwance ta, kafin shayi ya huce an gama," in ji shi.

Na nemi motar da za ta wuce da Alhaji, duk wadda ta zo a cike take har bakin ƙofa. Na sayo masa kindirmo da ƙosai, ni na koma bayan garaj na kasa cin komai. Plaket ba su iso ba sai da rana ta karkata.

Maruwa

Motar ta tafi sumul, birki ba ko tari. Amma la'asar ta wuce da muka isa. Mai gadin asibiti ya ce likita ya tattara kayansa, sai bayan damina. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa ta inda zan faɗa wa Alhaji, ashe ya ji da kunnensa. Ya ce, "Allah bai yi ba. Mu nemi masallaci." Muka kwana gidan wani abokinsa mai sana'ar fata, aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa, ban iya haɗa ido da kowa ba.

Komawa

Mun wuce Gidar ke nan na cije na ce, "Baba, laifina ne. Na daɗe ina jin kukan nan, kunya ta hana ni faɗa."

Ya ajiye carbinsa a cinya. Can ya ce, "Sanusi, ido na rasa, ba kunne ba. Tun ƙofar gida na ji shi. Na ce in na yi magana za ka ɗauka tuƙinka nake raina wa, ga shi kuma ni na ba ka ita a haka." Ya yi ajiyar zuciya. "Ka ji kunyata, na ji taka, ido kuma nawa ne."

Muka shiga Garwa da hantsi. Ina gode wa Allah da Ya tsayar da mu a gefen kwalbatin nan, ina gode wa Usmanu da mai masaukinmu. A ƙofar gida Alhaji ya fito yana lalube da sanda, yana neman dakalin da ya gina da hannunsa. Ban taɓa riƙe hannunsa ba tun da na auri 'yarsa. Ranar na riƙe, kuma haka zan yi ta riƙe shi har damina ta wuce.